Ka Daina Fesa Mishi Ruwa

Rubuta yadda na faɗa, Hadiza, kada ki gyara mini. Ke 'yar ƙanwata ce kuma kin yi boko, ni ko sunana ban iya rubutawa ba. In kin ji na yi shiru ki jira ni, kuka ne, yana wucewa.

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba. Fari ne ya kore mu, kowa ya san wannan. Wani tsohon ɗalibin Malam, mijina, ya aiko cewa a Sokode, can ƙasar Togo, ana neman mai karantar da manya, akwai ɗaki, akwai abinci. Haihuwata huɗu, ƙasa ta karɓe su duka, saboda haka ba mu bar kowa a baya ba. Mu biyu ne, da buhun littattafai, da rabin buhun gero, da tukunya ɗaya. Ba mu san ƙasar ta rikice ba. Shekarun nan ne da ake ta yajin aiki, samari na tare hanya suna ihun dimokuraɗiyya, masu kaki na bin su da bindiga.

Garin farko da muka sauka Dapango ne. Direba ya ce an rufe hanyar kudu, mu sauko mu miƙe ƙafa, zai je ya sha mai ya dawo. Geronmu da tukunyarmu suna saman motar. Littattafan kawai suka tsira, don Malam ba ya yarda su bar cinyarsa. Har yau direban nan yana shan mai.

Muna tsugune a bakin tasha sai wata mai koko ta ɗaga murya. Sunanta Mma Azumi, 'yar ƙabilar Moba ce da ta auri wani mahauci a Zango.

"Kai, baƙo! Ka zo ka zauna a inuwa. Mijinka ya gaji."

Na waiwaya in ga namijin da ke da miji.

"Kai nake kira! Kai mai shuɗin zane!"

Malam ya rufe baki da gefen rawani yana ta girgiza don dariya. Da muka zauna ta ci gaba, wai 'yarta ya tafi rijiya, kazarta ya yi ƙwai, tukunyarta ya fashe jiya. Haka Hausar can take, komai "shi" ne, kowa "kai" ne. Malam ya sunkuyo ya ce, "Hajo, ƙasar nan babu mace ko ɗaya. Ke ma yau kin zama namiji." Tun daga ranar ya sa mini suna Malam Hajo. Sai ya ce, "Malam Hajo, ka dafa tuwo kuwa?" Ni kuma in ce, "Sai ka sayo mini rawani tukuna." Ki rubuta wannan da kyau, Hadiza. Mun san abin. Mun yi dariyarsa da bakinmu.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a rumfar matar nan. Ba ta taɓa tambayar me za mu ba ta ba. Ranar da hanya ta buɗe ta ɗauko wata tsohuwar tukunya ta ɗora mini a kai.

Daga Dapango zuwa Sokode shinge ne bayan shinge. A wani shinge bayan Kara masu kaki suka zazzage littattafan Malam cikin taɓo, wai suna neman takardun tawaye. Ɗaya ya ɗaga wani littafi a juye ya ce a karanta masa. Malam ya karanta. Ya ce ƙarya ne, ba haka aka rubuta ba. Suka sa shi tsallen kwaɗo cikin ruwan sama, mutumin da ya haura sittin, suna tafa masa. Da muka kusa Sokode kuma samari ne suka tare mu da itatuwa, suka ce kowa ya faɗi wata kalmar Faransanci. Na faɗa ba daidai ba, suka yi ta maimaita ni har suka gaji da dariya. A motar nan Malam ya fara rawar ɗari.

A Sokode muka tarar da ƙofar ɗalibin da kwaɗo. Maƙwabta suka ce ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Benin tun wata guda. Kwana huɗu muna zaure a unguwar Koma, kusa da wani masallaci, ana miƙo mana sauran sakwara. A rana ta biyar wani mutum ya tsaya kanmu bayan sallar azahar ya yi sallama da Hausa tsantsa, irin tamu ta gida. Alhaji Bawa mai kamiyo, wato manyan motocin kaya. Jin ya ce mini "ke" kawai sai hawaye ya zubo mini. Wannan "ke" ɗin ce ta sa na amince da shi.

Motocinsa duk suna tsaye saboda yajin aiki. Ya ce yana da gidan da bai gama ginawa ba a bayan gari, ɗaki biyu, mu zauna a ɗaya. Zai riƙa aiko da masara, kuma yana da likitan da zai duba Malam. Sharaɗinsa uku: ba baƙo, ba hira da maƙwabta, sannan in kula masa da ramarsa da ke ɗaya ɗakin.

Na ce, "Rama a ɗaki, Alhaji?"

Ya ce, "Ta magani ce. Ba ta son idon mutane."

An toshe tagogin ɗakin da bulo. An cire kwanon rufi huɗu an sa wani fari mai shigar da haske. A ƙasa ga bokitai da yankakkun jarkoki cike da ƙasa, sun fi arba'in, kowanne da tsiro har gwiwata. Ganyen kamar yatsun hannu, sak ramar da nake shukawa a bayan ɗakina. Sai dai zafin ɗakin kamar tanda, ganyen duk sun sunkuyar da kai.

Likitan nasa ya zo washegari a kan babur. Sunansa Alasan, Bakotokole ne, mutumin garin, kowa na ce masa Dokita. Daga baya na ji ashe allura kawai yake yi a wani ɗakin shan magani kafin yajin aiki ya rufe shi. Ya yi wa Malam allura, sannan ya kira ni ɗaya ɗakin ya nuna mini wata kwalbar feshi.

"Mama, ka duba nan. Ba wanka za ka yi ba. Fesa za ka yi, siriri, kamar yayyafi. Da sassafe, kafin rana ya hau kwano. In ka yi da tsakar rana, ganye zai ƙone. In ka yi da yamma, zai kwana a jiƙe. Ka juya ganye, ka fesa ƙarƙashi, nan ƙwaro yake ɓuya."

Ya juya mini ganye ɗaya, na ga wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar garin barkono.

Kwana uku kwalbar ta toshe. Ni kuwa ban ga abin wahala ba. Na guntsi ruwa na fesa da baki, yadda masu guga ke yi wa riga. Dokita ya gani ya ce, "Wallahi bakinka ya fi kwalba." Cikin sati biyu ganyen suka miƙe, suka yi shar. Ba zan ɓoye miki ba, na so su. Na baro ƙasar da ba abin da ya tsiro shekara biyu, ga abu yana girma a ƙarƙashin bakina.

Zazzaɓin Malam yana tafiya yana dawowa. Bakinsa ya mutu, ba ya son komai, sai wata rana ya ce yana marmarin kwaɗon rama. Na shiga na tsinko ganye, na tauna ɗaya. Babu tsami. Rama kuwa da tsaminta aka san ta. Na shafa karan, babu 'yar ƙayar nan. Da Dokita ya zo na ce masa wannan wace irin rama ce da ba a kwaɗawa.

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Ka kwaɗa wa Malam mana! Zai ga Makka daga kan tabarma."

A nan na gane wiwi nake raino. Na tsaya da ganyen a hannu ina tunanin zauren masallaci da sauran sakwara, da allurar da Malam ke samu. Ban gaya wa Malam ba. Kowace safiya kuwa sai ya ce in kawo ƙwaryar ruwan, ya yi tofi a ciki don ramar Alhaji ta yi albarka, tunda mutumin ya rufa mana asiri. Ni kuma in miƙa masa.

Da damina ta yi tsakiya sai zazzaɓin ya zo ya zauna. Jikinsa in kin taɓa kamar murfin tukunya. Abin da na iya shi na yi masa: in guntsi ruwa in fesa masa a ƙirji da fuska da tafin ƙafa, in bi da mafici. Yakan lumshe ido ya ce, "Malam Hajo, ni ma ka mai da ni rama." Da wannan yake samun barci. Ruwa kuwa yana sha kamar raƙumi.

A lokacin nan tsiron sun kai ƙirjina, sun fara fid da kai, cunkus, mai danƙo, mai wari.

Ranar wata Talata Dokita ya zo a gurguje. An ce gobe gari zai mutu, ba kasuwa ba mota, shi kuma yana son ya kai Sotubuwa wajen uwarsa kafin a rufe hanya. Ya leƙa ɗakin tsiron, ya fito, ya shiga wajen Malam ya yi masa allura. Yana fitowa daga ɗakin Malam muka yi kiciɓis a bakin ƙofa. Ƙwaryar Malam na hannuna, kumatuna cike da ruwa. Ya ɗaga mini yatsa.

"Mama, daga yau ka daina fesa mishi ruwa. Ka ji? Ya shiga lokaci mai wuya. In ruwa ya taɓa jikinshi yanzu, zai ruɓe daga ciki, zai mutu a hannunka. Ka ba shi ya sha kaɗan, da safe kawai."

Na haɗiye ruwan na ce, "Da safe kawai, Dokita? Da wannan zafin?"

"Da safe kawai! In ka ga ya yi laushi da rana, kar ka ji tausayi. Tausayi ne yake kashe shi."

Ya buga babur ya tafi.

Ki tsaya, Hadiza. Ba ni ɗankwalin can.

To. Rama a bakina mace ce. Wiwi ma mace ce. A gidan nan kaf abu ɗaya ne "shi", yana kwance a kan tabarma. Daga ɗakinsa mutumin ya fito, allura a hannunsa. Ban yi kokwanto ba ko na ƙiftawar ido.

Na zubar da ruwan ƙwaryar a waje, na shiga. Malam ya ce, "Yau ba yayyafi?" Na gaya masa abin da Dokita ya ce. Ya ce, "Na karanta littattafan magani, ban taɓa ganin ciwon da ruwa ke ruɓarwa ba." Na ce wannan ciwon ƙasarsu ne, su suka san shi. Ya ce, "To, Allah ya sa mu dace."

Moɗa ɗaya da safe. Ita ke nan. Da ya nemi ruwan alwala na kawo masa dutse ya yi taimama.

Kwana na biyu ya yi ta lasar leɓe. Kwana na uku Alhaji Bawa ya zo da ƙafa, a firgice, don an ƙona tayoyi a hanyar gidansa. Bai shiga wajen Malam ba. Daga tsakar gida ya ce, "Yaya ganyena?" Na ce lafiya lau. Sannan na ce, "Alhaji, Dokita ya ce kada ruwa ya taɓa jikinsa, wai sai da safe kaɗan. Ni kuwa ina ganin yana wahala ƙwarai."

Ya ce, "Ke kika fi Dokita sani? Abin da ya ce shi za ki yi. In kika ƙara ko ɗigo ɗaya ya lalace mini, ku tattara littattafanku ku koma zaure."

Shi ma da Hausa tsantsa ya faɗa. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe Alhaji ya damu da Malam.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan, kuma bai kai rufi ba. Kowace safiya, bayan na ba Malam moɗarsa, sai in zaga in guntsi ruwa in yi ta fesa wa tsiro arba'in, ganye da kai da komai, har ruwa na ɗiga. Malam yana jin kowace fesawa. Ran nan na ji muryarsa ta saman bango, a shaƙe: "Ramar Alhaji ta sha?" Na ce ta sha. Ya ce, "Madalla."

Kwana na huɗu na dawo daga bayan gida na tarar da shi ya rarrafo har gindin randa, hannunsa a kan murfi. Na kama shi ta hammata na ja. Bai fi nauyin damin kara ba. Ya riƙe bakin randar, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da aure ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar na ce, "So kake ka mutu ka bar ni a ƙasar da ban san kowa ba?" Na mirgina randar zuwa ɗakin tsiron na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Kwana na biyar aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Akwai wata ɓula a kwano daidai kan tabarmarsa. Na shigo na ga ya karkata kai, ya buɗe baki, yana jiran ɗigo. Na janye tabarmar. Na hau turmi na toshe ɓular da tsumma. Ya dube ni kawai, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kasa harafi ɗaya sau goma, ba fushi, sai mamaki.

Akwai mata a gidan da ke bayanmu, ina jin dakansu. Taku ashirin ne. Da na je na tambayi ko wace tsohuwa, da ta ce mini mahaukaciya. Ban je ba, don an ce ba hira da maƙwabta, don kuma ina tsoron a shigo a ji warin nan.

Kwana na bakwai da hantsi, ya riga ya sha moɗarsa, harshensa ya kumbura, ba na gane maganarsa sai na kai kunne. Ya taɓa gwiwata. Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓensa ya tsage.

"Malam Hajo," ya ce, "ka ba ni ruwa."

Na ce, "Gobe da safe, Malam."

Kafin azahar ya cika.

Na fita da gudu ba mayafi na buga ƙofar matan nan. Mazan unguwa su shida kawai suka zo, don ranar ma ana harbi a cikin gari. Ina zaune a bayan ɗaki ina jin suna yi masa wanka. Ruwa suke zubawa, buta bayan buta. Na ce a raina, yanzu kam ba abin da zai ruɓe. Suka ɗauke shi da sauri. Ban san ko a ina suka sa shi ba.

Ran sadakar uku babu sadaka, babu mai gaisuwa. Da safe na tashi na fesa wa tsiron ruwa kamar kullum, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Da hantsi sai ga Dokita da Alhaji tare, hanya ta buɗe. Dokita ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam," a tsaye, ya karɓi makulli ya buɗe ɗakin. Ban daɗe ba na ji ihu.

Ya fito da kan tsiro ɗaya a hannu ya murza shi a gabana. Cikinsa ya yi funfuna, toka-toka kamar ruɓaɓɓiyar auduga. Duk ɗakin haka yake.

"Ban ce ka daina fesa mishi ruwa ba? Ban ce zai ruɓe ba?"

Na ce, "Na daina, Dokita. Wallahi na daina. Ko alwala ban bar shi ya yi ba."

"Alwala? Ganye yana alwala?"

Ina ganin fuskarsa tana sauyawa. Ni kuwa sai muryar Mma Azumi ta faɗo mini a kunne: kazata ya yi ƙwai, tukunyata ya fashe. Na zauna a ƙasa.

Dokita ya ce a hankali, "Wa ka hana ruwa?"

Na nuna ɗakin Malam.

"Kwana nawa?"

Na ɗaga yatsu bakwai.

Ya ja da baya kamar na taɓa shi da wuta. "Ni ban ce ba! Alhaji, ka zama shaida, ganye na ce! Wane jaki ne zai hana mai zazzaɓi ruwa?"

Alhaji Bawa bai ko dube ni ba. Yana cikin ɗakin yana fasa kan tsiron ɗaya bayan ɗaya yana neman mai rai. Da bai samu ba ya fito ya ce, "Wata huɗu! Wata huɗu kin ruɓar mini da yawunki." Na ce ina cikin takaba, ya bar ni in cika kwanakina ko a bayan ɗaki ne. Ya ce, "Takabar wanda kika kashe? Je ki yi a kan hanya. In kuma kika buɗe baki kan abin da ke ɗakin nan, jandarma za su ji cewa ke da malaminki kuka shuka, har da tofi." Ashe ya san da tofin.

Littattafan Malam na kai masallacin Koma na ajiye a zaure. Tukunyar Mma Azumi kawai na ɗauka. Wani direban Nijar ya yarda in hau kan buhunan gawayi. A shingayen nan duka ba wanda ya taɓa ni. Ina jin fuskata ta ishe su.

Kwana huɗu muka yi kafin Dapango, don motar ta lalace a Mango. Na iso da hantsi, na zauna a ƙarshen bencin Mma Azumi, na ja mayafi. Tana fama da masu saye, ba ta lura da ni ba. Direbobi ne cike da bencin, ɗaya kuma yana ba da labari, ya riga ya yi nisa. Labarin ya riga ni isowa.

"Wai sai likita ya ce, kar ka ba shi ruwa. Ita kuwa 'yar ƙauye, sai ta kulle randa! Miji yana ihu ruwa, ruwa, ita tana can tana yi wa wiwi wanka da baki!"

Ya cika kumatu da koko ya kwaikwayi fesawar. Benci ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ai ta san wanda ya fi kawo riba." Wani ya ce shi daga yau in zai yi ciwo sai ya saki matarsa tukuna. Mma Azumi ma tana dariya, har tana share ido da bayan hannu. Ta zo karɓar kwanuka sai ta ga tukunyarta a gabana. Ta ɗaga mayafina.

"Kai ne? Baƙona! Ina Malam? Ya sami aikin?"

Na dube ta. Ta dubi farin zanen da ke jikina, ta dubi direban, ta sake dubana. Ludayin ya faɗi daga hannunta.

Ta juya kan mazan nan ta kwashe kwanukansu, har wanda bai gama sha ba, ta ce koko ya ƙare, su tashi mata daga benci. Ta ja ni bayan rumfa. Ta kawo ruwa a moɗa, na kai baki, maƙogwarona ya ƙi. Kwana biyu ko ɗigo bai wuce ba. A rana ta uku zazzaɓi ya kama ni. Ina kwance na ji sanyi a fuskata, na buɗe ido, sai ga ta durƙushe da kumatu cike da ruwa tana fesa mini. Na kai mata duka. Na ce ta bar ni, bai kamace ni ba. Ta danne hannuwana da gwiwa, ta haɗiye, ta ce, "Ka yi shiru. Ɗaya ya isa." Ta sake guntsa.

A rumfarta na cika takabata. Abu ɗaya ya hana ni sakat: ko mutanen nan shida, cikin sauri da ƙarar bindiga, sun tsaya sun yayyafa ruwa a kan kabarin, kamar yadda ake yi wa kowa. Mijinta yana da abokin da ke zuwa Sokode sayen goro, ta sa aka tambaya. Ya dawo ya ce bai sami wanda ya tuna ba, amma a garin nan ruwan sama ba ya fashi, duk maƙabartar a jiƙe take. Mma Azumi ta ce, "Ka ji? Ya sha." Ban sani ba ko mutumin ya je ma.

Malamai da yawa sun ce mini ajali ne, ko da na tsoma shi a kogi ranar zai tafi. Na yarda da Allah. Amma ko da ranar zai tafi, da ya tafi da jiƙaƙƙen harshe.

Randar da kike gani a ƙofar gidan nan, wadda nake hana ku barci a kanta in ruwanta ya yi ƙasa, yanzu kin san don wa ake cika ta. Kuma na san abin da kuke cewa a bayana, wai kunnen Inna ya tafi, ba a gaya mata magana sau ɗaya. Kunnena lafiya lau. Ina jin tafiyar kiyashi. Sai dai tun daga tsakar gidan nan, duk wanda ya ce mini "ba shi", ko "hana shi", ko "ɗauke shi", ba na motsawa sai na ce, "Wa?"

Ajiye alƙalamin ki je ki cika ta, rana ta yi. In kin dawo ki karanta mini daga farko. Duk inda kika ga na ce "shi", ki tsaya ki tambaye ni.